Rikicin Dala 4,000 Da Ya Tona Asirin Besbol: Badaƙalar Biogenesis Da Hukuncin Alex Rodriguez

A ƙarshen shekarar 2012 wani mutum a birnin Miami na jihar Florida yana bin ubangidansa kuɗi, dala 4,000. Ya yi zarya har ya gaji, yau a ce masa gobe, gobe a ce jibi. Wurin da yake aiki wani ɗan asibiti ne mai suna Biogenesis a unguwar Coral Gables, wanda a idon jama'a maganin tsufa da rage ƙiba ake bayarwa a cikinsa. Da haƙurinsa ya ƙare sai ya kwashi takardun asibitin, har da littattafan da mai wurin, Anthony Bosch, yake rubuta sunayen abokan cinikinsa da hannunsa, ya miƙa wa Tim Elfrink, ɗan jaridar Miami New Times, jaridar da mako-mako take fitowa kuma kyauta ake raba ta. Ranar 29 ga Janairun 2013 labarin ya fito. A cikin littattafan akwai wani abokin ciniki da Bosch ke yi wa laƙabi da Cacique, wato sarki ko uban tafiya. Wannan Cacique shi ne Alex Rodriguez na ƙungiyar New York Yankees, ɗan wasan besbol da ya fi kowa albashi a duniya a lokacin.

Abin da ya sa na fara da mutumin dala 4,000 shi ne, hukumar da ke gudanar da gasar besbol ta Amurka, MLB, ta yi shekaru tana bugun ƙirji cewa a duk wasannin ƙasar babu mai tsarin gwajin ƙwayoyin ƙara kuzari da ya kai nata tsauri. Amma badaƙala mafi girma da ta faru a ƙarƙashin tsarin, fushin mai bin bashi ne ya bankaɗo ta. Da an biya mutumin nan kuɗinsa, da wuya a ce wani ya san sunan Biogenesis a yau.

Ga wanda bai saba da wasan ba, ga abin da ya kamata ya riƙe. Mai jifa yana wurgo ƙwallo, mai bugu yana tare ta da sanda. Bugun da ya fi daraja shi ne wanda ƙwallo za ta tashi ta tsallake katangar fili gaba ɗaya, shi ake kira hom-ron, kuma da yawansa ake auna gwarzo. Ƙungiyoyi 30 ne a gasar, kowacce tana buga wasa 162 a kaka guda, daga bazara zuwa ƙarshen Satumba, kusan kullum ana fili. Wannan yawan wasa shi ne rabin dalilin da ya sa ƙwaya take da kasuwa: ba ƙarin tsoka kaɗai ɗan wasa yake nema ba, yana neman jikin da zai farfaɗo kafin gobe da yamma.

Kujerar kwamishina

An ƙirƙiri muƙamin kwamishinan besbol a 1920, bayan da aka gano wasu 'yan wasan Chicago White Sox sun sayar da gasar ƙarshe ta 1919 ga 'yan caca. Masu ƙungiyoyi suka ɗauko alƙalin tarayya Kenesaw Mountain Landis suka ba shi wuƙa da nama, shi kuma ya kori 'yan wasa takwas har abada. Daga nan aka gina tunanin cewa kwamishina uban kowa ne, mai tsaron mutuncin wasa. A aikace kuwa masu ƙungiyoyi ne ke zaɓensa, su ke biyansa, su ke iya tsige shi. Sun nuna hakan a 1992 lokacin da suka tilasta wa Fay Vincent sauka, suka ɗora ɗaya daga cikinsu, Bud Selig, mai ƙungiyar Milwaukee Brewers. Riƙon ƙwarya aka ce zai yi. Ya zauna har Janairun 2015.

Vincent ɗin nan shi ne ya aika wa ƙungiyoyi takarda a 1991 cewa sitiroid, wato sinadarin ƙara tsoka, haramun ne a besbol, shekara guda bayan majalisar dokokin Amurka ta sa shi cikin magungunan da doka ta taƙaita. Takardar ba ta da haƙori, domin a Amurka ba a gwada ɗan wasan babbar gasa sai da yarjejeniyar ƙungiyar ƙwadagonsa, ita kuwa ƙungiyar 'yan wasan besbol, ƙarƙashin Donald Fehr, tana cikin mafi ƙarfi a ƙasar, kuma ta ɗauki gwajin fitsari a matsayin cin zarafi. Selig ya sha fakewa da wannan. Akwai gaskiya a ciki, amma rabi ce. A duk zaman cinikin da aka yi cikin shekarun 1990, abin da masu ƙungiyoyi suka yarda su rufe filaye a kansa shi ne ƙayyade albashi. A kan haka aka yi yajin aikin da ya fara ranar 12 ga Agustan 1994, ya yi kwana 232, har aka soke gasar ƙarshe karo na farko tun 1904. Babu wanda ya taɓa barazanar rufe fili a kan gwajin ƙwaya.

'Yan kallo sun yi fushi da yajin aikin, filaye suka rage cika. Abin da ya dawo da su shi ne kakar 1998, lokacin da Mark McGwire da Sammy Sosa suka yi tseren karya tarihin hom-ron 61 da Roger Maris ya kafa a 1961. McGwire ya ƙare da 70, Sosa da 66. Ana tsakiyar wannan biki, a watan Agusta, wani ɗan jaridar Associated Press, Steve Wilstein, ya hango kwalbar androstenedione a ma'ajin kayan McGwire ya rubuta. Maganin haramun ne a gasar Olamfik amma halal ne a besbol a lokacin. Ɗan jaridar aka yi wa caa, wai ya leƙa abin da ba ruwansa. Bayan shekara uku Barry Bonds ya buga 73. Kuɗin shigar gasar, wanda bai wuce dala biliyan ɗaya da 'yan kai ba lokacin da Selig ya hau, ya kai wajen biliyan 9 lokacin da ya sauka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Gwaji bai shigo ba sai da abin kunya ya yi yawa. A 2002 Ken Caminiti, wanda ya taɓa zama gwarzon ɗan wasa a 1996, ya fito ya ce da sitiroid ya ci kyautar. A 2003 aka yi gwajin share fage bisa sharaɗin ba za a bayyana suna ba, ba za a hukunta kowa ba, sai dai idan waɗanda aka samu sun haura kashi 5 cikin ɗari to gwaji na gaske zai fara. Suka haura, alhali kowa ya san za a yi gwajin. Sai ga binciken kamfanin BALCO a Kalifoniya, mai raba wa 'yan wasa ƙwayoyi a ɓoye, sai ga zaman majalisar wakilai na 17 ga Maris 2005, inda McGwire ya yi ta maimaita cewa bai zo don maganar abin da ya wuce ba, Rafael Palmeiro kuma ya nuna 'yan majalisa da yatsa yana rantsuwa bai taɓa sha ba, kafin wata biyar gwaji ya kama shi. Hukuncinsa kwana 10 ne. Majalisa tana da abin matsa wa besbol, domin tun 1922 kotun ƙoli ta ba wasan kariya daga dokar hana babakere, kuma majalisa na iya janye ta. Kafin 2005 ta ƙare aka mayar da hukunci wasa 50 a laifin farko, 100 a na biyu, kora har abada a na uku.

Ranar 13 ga Disamban 2007 tsohon sanata George Mitchell ya fitar da rahoton da Selig ya sa shi yi, shafi 409, da sunayen 'yan wasa kusan 90. Ya faɗa ƙarara cewa laifin na kowa ne: kwamishinoni, shugabannin ƙungiyoyi, ƙungiyar 'yan wasa, da 'yan wasan kansu. Sunayen 'yan wasa ne suka cika jaridu. Ba a kori mai ƙungiya ko ɗaya ba. Wannan ita ce hukumar da badaƙalar Biogenesis ta tarar: kwamishina ɗan shekara 78 da ke shirin ritaya, wanda ba ya son tarihi ya tuna shi a matsayin wanda ya kau da kai.

Cacique da likitan da ba likita ba

Rodriguez bai kamata ya buƙaci komai ba, kuma nan ne labarin yake da ciwo. An haife shi a New York a 1975, iyayensa 'yan Jamhuriyar Dominika, ya girma a Miami. Shi aka fara ɗauka a zaɓen matasan 'yan wasa na 1993. A Disamban 2000 Texas Rangers ta ba shi kwantiragin dala miliyan 252 na shekara goma, a 2007 Yankees ta sabunta masa da miliyan 275. Sau uku yana zama gwarzon ɗan wasa. Mutane da yawa sun sa rai shi ne zai karɓe tarihin hom-ron 762 daga hannun Bonds ya wanke shi. A ƙarshen 2007 ya zauna gaban kyamara ya ce bai taɓa amfani da ƙwaya ba. A Fabrairun 2009 mujallar Sports Illustrated ta ruwaito cewa sunansa na cikin mutum 104 na gwajin 2003, gwajin nan da aka yi alkawarin sirri ne. Ya amsa cewa ya sha daga 2001 zuwa 2003 a Texas, ya ce ƙuruciya ce da nauyin kwantiragi. Ya ma haɗa kai da gidauniyar Taylor Hooton, wadda aka kafa da sunan wani yaro ɗan shekara 17 da ya kashe kansa a 2003 bayan amfani da sitiroid, yana zagaya makarantu yana yi wa yara nasiha. Shekara ɗaya da rabi bayan tubar, a 2010, ya haɗu da Bosch.

Bosch yana sa farar riga, ana kiransa Dakta, amma ba shi da lasisin aikin likita a Florida. Abin da ya ƙware a kai shi ne lissafin lokaci. Gwajin farko da ake yi wa fitsari yana duba rabon sinadarin testosteron da takwaransa epitestosteron. Idan na farkon ya ninka na biyun fiye da sau huɗu sai a zurfafa bincike. Don haka Bosch bai bin hanyar tsohuwar allura mai daɗewa a jiki. Ɗan kaɗan yake bayarwa, a man shafawa ko a alewar tsotsa da ake sawa a baki dab da fara wasa, yadda kafin a tashi ta fice daga jiki. Ya haɗa da sinadarin ƙara girma, HGH, wanda fitsari ba ya nunawa sai jini, da wani mai suna IGF-1. Shi da kansa ya ba da labarin yadda ya taɓa ɗibar jinin Rodriguez a banɗakin wani gidan rawa na Miami, domin sa'ar awon ta yi kuma a can Rodriguez yake. Dala 12,000 ake biyansa duk wata. A tsawon wannan hulɗa, daga 2010 zuwa 2012, an yi ta gwada Rodriguez, ba a taɓa kama shi ba.

Ba duk mutanen Bosch ne suka tsira ba. A 2012 gwaji ya kama Melky Cabrera da Bartolo Colon da Yasmani Grandal. Mutanen Cabrera har shafin intanet na bogi suka ƙirƙira don a ce wani magani ya saya bisa kuskure. Kafin su akwai Ryan Braun na Milwaukee, wanda fitsarinsa na Oktoban 2011 ya nuna testosteron mai yawan gaske. Braun ya ɗaukaka ƙara ya yi nasara, domin ranar Asabar aka karɓi fitsarin, mai karɓar ya ajiye shi a gidansa sai Litinin ya aika. Braun ya tsaya gaban 'yan jarida a Fabrairun 2012 ya jefa zargi a kan talakan ma'aikacin da bai ji ba bai gani ba. MLB ta fusata, bayan 'yan watanni ta sallami mai raba gardamar da ya yanke hukuncin, Shyam Das, domin yarjejeniya ta ba kowane ɓangare ikon sallamarsa. A riƙe wannan, zai yi amfani a gaba.

Farauta

MLB kamfani ce, ba gwamnati ba. Ba ta da ikon kiran mutum ya ba da shaida dole, ba ta da ikon binciken gida. Ta roƙi Miami New Times takardun, jaridar ta ƙi. Sai ta ɓullo da dabaru biyu, kuma wanda ya ja ragamar shi ne Rob Manfred, lauyan ƙwadago kuma na hannun daman Selig.

Dabara ta farko, a Maris 2013 ta maka Bosch da abokansa a kotun Florida, wai sun yi katsalandan a kwantiragin da ke tsakaninta da 'yan wasa. Lauyoyi da yawa sun ce ƙarar ba ta da ƙwari, amma ba don a ci ta aka shigar ba. An shigar ne don a samu takardar sammaci a kuma matse Bosch, wanda aljihunsa ya riga ya bushe. A watan Yuni ya miƙa wuya. MLB ta yarda ta janye ƙarar a kansa, ta biya lauyoyinsa, ta ba shi masu tsaro, ta kare shi daga ƙararrakin da za su biyo baya, ta kuma shaida wa masu gabatar da ƙara irin haɗin kan da ya bayar. Mutumin da ya sayar da ƙwayar, wanda daga baya aka tabbatar har 'yan sakandare yake yi wa allura, ya koma ɗan lelen hukuma.

Dabara ta biyu ta fi muni. Masu binciken MLB sun sayi takardun Biogenesis da tsabar kuɗi, dala 125,000, daga hannun wani mutum mai tarihin zaman gidan yari. Manfred bai musanta biyan ba. Wasu daga cikin takardun an sace su ne daga motar mutumin nan na dala 4,000, an fasa ta a Boca Raton yana hanyar kai su ga hukumar lafiya ta Florida, wadda ke nata binciken a kan Bosch. MLB ta ce ba ta san na sata ba ne. Rahoton 'yan sandan Boca Raton ya nuna akwai dalilin da zai sa ta sani. A Hausa muna da sunan mai sayen kayan sata, ɓarawon zaune. Ɓangaren Rodriguez ma an zarge shi da sayen takardu don ya ɓatar da su. Kowa da jakar kuɗinsa yana yawo a kudancin Florida, shaidu suna ƙara farashi.

Braun ya fara faɗuwa. Ranar 22 ga Yulin 2013 ya karɓi dakatarwar wasa 65 ba tare da jayayya ba. Ranar 5 ga Agusta aka sanar da sauran: mutum 12 wasa 50 kowanne, cikinsu Nelson Cruz da Jhonny Peralta da Everth Cabrera da Francisco Cervelli. Duka goma sha biyun 'yan Latin Amurka ne, daga Dominika da Benezuwela da Nikaraguwa. Rodriguez kuwa wasa 211, wato ragowar kakar 2013 da ta 2014 gaba ɗaya. Ba a kafa hukuncin kowa a kan sakamakon gwaji ba, a kan takardu da bakin Bosch aka kafa.

Lambar 211 ba ta cikin kowane jadawali. A hukumance Rodriguez mai laifin farko ne, domin na 2003 ba a hukunta shi. Selig ya dogara da sashen da ya ba shi ikon hukunci bisa hujja mai ƙarfi, ya ƙara da tuhumar yi wa bincike zagon ƙasa. Shugaban ƙungiyar 'yan wasa, Michael Weiner, wanda ke fama da ciwon dajin ƙwaƙwalwa kuma ya rasu a Nuwamban shekarar, ya ce hukuncin ya yi yawa, amma bai ce mutumin ba shi da laifi ba. Wani abu ya canza a cikin ƙungiyar: 'yan wasan da ba sa sha sun gaji da rasa gurbi da albashi ga masu sha, sun fara fitowa fili suna neman a tsananta.

Dokar ta ba mai ɗaukaka ƙara damar ci gaba da wasa, don haka a daren da aka dakatar da shi Rodriguez ya buga wasansa na farko a kakar, a Chicago, bayan tiyatar ƙugu, 'yan kallo suna yi masa ihu. Ranar 18 ga Agusta a Boston mai jifa Ryan Dempster ya yi ta auna jikinsa har ya same shi a jifa na huɗu, filin ya ɓarke da tafi. Kocin Yankees Joe Girardi aka kora saboda ya yi bore. Can gaba a wasan Rodriguez ya buga wa Dempster ɗin hom-ron.

Zaman sauraron ƙara ya fara ranar 30 ga Satumba a hedikwatar MLB da ke Park Avenue, magoya bayansa a bakin titi da kwalaye da tutocin Dominika. Mutum uku ne a kan teburin hukunci: wakilin 'yan wasa, wakilin hukuma, da mai raba gardama Fredric Horowitz, wanda ya gaji Das. Wakilin hukumar shi ne Manfred, wanda ya jagoranci binciken, kuma ya sauko ya ba da shaida a shari'ar da yake cikin alƙalanta. Bosch ya yi kwanaki yana bayani, ga saƙonnin waya ɗaruruwa tsakaninsa da Rodriguez. Lauyoyin Rodriguez, ƙarƙashin Joe Tacopina, sun nemi a kira Selig ya yi bayanin yadda ya kai ga 211. Ranar 20 ga Nuwamba Horowitz ya ce ba dole ba ne. Rodriguez ya bugi teburi, ya zagi Manfred, ya fice, ya zarce gidan rediyon WFAN yana rantsuwa bai sha komai ba. Tabarmar kunya da hauka ake naɗe ta, kuma ficewar ta tsirar da shi daga ba da shaida bisa rantsuwa. Amma tambayar da lauyoyinsa suka yi tambaya ce ta gaske, kuma Selig bai amsa ta a ɗakin ba. Ya gwammace ya amsa ta a talabijin.

Ranar 11 ga Janairun 2014 Horowitz ya rage hukuncin zuwa wasa 162 da duk wasannin ƙarshen kaka, bisa samun sa da amfani da haramtattun sinadarai uku da kuma yunƙurin toshe bincike. Washegari Bosch da Manfred da Selig suka bayyana a shirin 60 Minutes, abin da ƙungiyar 'yan wasa ta ce ya saɓa wa sirrin da aka yi yarjejeniya a kai. Rodriguez ya kai MLB kotu, ya haɗa har da ƙungiyarsa ta 'yan wasa. Ranar 29 ga Janairu, ƙararsa tana gaban alƙali, ya zauna da jami'an hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta Amurka, DEA, waɗanda suka ba shi kariya daga tuhuma, ya amsa komai. Ranar 7 ga Fabrairu ya janye ƙarar. Jama'a ba su ji wannan amsa laifi ba sai a Nuwamba, da jaridar Miami Herald ta fitar.

Lissafin riba da asara

Babu shakka Rodriguez ya aikata, kuma ya yi ƙarya iya ƙarfinsa. Idan aka kwatanta da wasannin da ke bin dokar WADA, hukumar yaƙi da ƙwayoyin ƙara kuzari ta duniya, hukuncinsa ma sassauci ne. 'Yar tseren Najeriya Blessing Okagbare, da aka samu da HGH a lokacin gasar Olamfik ta Tokyo, shekara goma aka fara yanke mata. MLB ba ta ƙarƙashin WADA, hukuncinta abin ciniki ne tsakanin masu gida da ma'aikata. Inda nake da ja shi ne inda kuɗin ya tafi.

Ɗan wasan da aka dakatar ba a biyansa. Daga albashin Rodriguez na dala miliyan 25 na 2014, sama da miliyan 22 sun zauna a aljihun Yankees, kuma an cire su daga lissafin harajin da gasar ke ɗora wa ƙungiyar da albashinta ya wuce ƙima. Ga ƙungiyar da ke ɗauke da ɗan shekara 38 mai ƙugu biyu da aka yi wa tiyata, faɗuwa ta zo daidai da zama. Kwana 11 bayan hukuncin Horowitz, Yankees ta sanar da ɗauko mai jifa Masahiro Tanaka daga Japan a kan dala miliyan 155. Kofin da ta ci da Rodriguez a 2009 yana nan, tikitin da ta sayar yana nan. A wannan tsari, ƙungiya tana cin moriyar ɗan wasa ranar da yake sha, ta kuma ci moriyarsa ranar da aka kama shi. Ba a rage mata maki, ba a ci ta tara. Wane dalili ke gare ta na sa ido?

Su ma 'yan wasan lissafin bai yi musu muni ba. Wasa 50 ya ƙare daidai lokacin da Peralta zai koma wa Detroit a wasannin ƙarshen kaka, kuma a Nuwamba St. Louis Cardinals ta ba shi dala miliyan 53 na shekara huɗu. Cruz ya buga hom-ron 40 a 2014, fiye da kowa, Seattle ta ba shi miliyan 57. Ganin irin na Peralta ya sa tun a Maris 2014 aka ƙara hukunci zuwa wasa 80, sannan 162, sannan kora, aka kuma hana wanda aka dakatar buga wasannin ƙarshen kakar. An ƙara gwajin jini da bibiyar sinadaran jikin kowane ɗan wasa a tsawon lokaci, kuma wannan ci gaba ne na gaske. Amma ba a taɓa kwantiragi ba. A 2022 aka dakatar da Fernando Tatis ƙarami wasa 80, kwantiraginsa na dala miliyan 340 yana nan daram.

Bosch ya amsa laifi a kotun tarayya, a Fabrairun 2015 aka yanke masa shekara huɗu, daga baya aka rage. A 2014 MLB ta sallami wasu manyan jami'an sashen bincikenta, waɗanda suka yi aikin ƙafa a Florida. A watan Agustan shekarar masu ƙungiyoyi suka zaɓi Manfred kwamishina.

Rodriguez ya dawo a 2015 da takardar neman afuwa da ya rubuta da hannu, ya buga hom-ron 33. Da ya cim ma jimillar hom-ron 660 na tsohon gwarzo Willie Mays, Yankees ta ƙi biyan tukuicin dala miliyan 6 da ke cikin yarjejeniyarsu, wai tarihin ya gurɓace ba zai sayu ba. Aka sasanta a kan ba da miliyan 3.5 sadaka. Ya yi wasansa na ƙarshe ranar 12 ga Agustan 2016 da hom-ron 696.

A Disamban 2016 wani kwamiti na mutum 16 ya zaɓi Selig shiga zauren gwarazan besbol da ke Cooperstown da ƙuri'a 15. 'Yan wasa kuwa 'yan jarida ne ke zaɓensu, kuma sai mutum ya samu kashi 75 cikin ɗari. A Janairun 2022 Bonds ya ƙare shekarunsa goma na takara da kashi 66, mai jifa Roger Clemens, wanda sunansa ke cikin rahoton Mitchell, da 65. A wannan zaɓe David Ortiz ya shiga a karon farko, duk da an ruwaito sunansa a jerin 2003, bayan Manfred ya fito ya ce jerin ba abin dogaro ba ne gaba ɗaya. Rodriguez ya samu kashi 34. Yana nan yana sharhin besbol a tashar Fox, kuma a Yunin 2025 hukumar ƙwallon kwando ta NBA ta amince da cinikin da ya mayar da shi da abokinsa Marc Lore masu ƙungiyar Minnesota Timberwolves, a kan dala biliyan ɗaya da rabi.